Kalmar “End” a Zanga-zangar EndSARS ta 2020: Abin da Aka Nema da Abin da Aka Bayar

Ranar Lahadi, 11 ga Oktoban 2020, Babban Sufeton 'Yan Sandan Najeriya na lokacin, Mohammed Adamu, ya ba da sanarwar rusa rundunar yaƙi da 'yan fashi da makami da aka fi sani da SARS, a dukkan jihohi 36 da Babban Birnin Tarayya, kuma sanarwar ta ce umarnin ya fara aiki nan take. Wanda ya hango lamarin daga nesa zai ɗauka magana ta ƙare ke nan, domin abin da matasa suka yi kwanaki suna ɗagawa a kwalaye a titunan Legas da Abuja bai wuce kalmomi biyu ba, wato “End SARS”. Sun ce a kawo ƙarshen rundunar, hukuma kuma ta ce ta kawo ƙarshenta. Sai dai da gari ya waye jama'a ba su ragu a kan titi ba, ƙaruwa ma suka yi, zanga-zangar ta bazu zuwa garuruwan da ba ta kai ba a da, har zuwa daren 20 ga wata da aka yi harbi a mashigar Lekki da ke Legas.

Dalilan da suka hana matasan komawa gida suna da yawa, kuma mafi yawansu na siyasa ne da na daɗaɗɗen rashin jituwa tsakanin ɗan sanda da talaka. Wannan nazari ya taƙaita a kan guda ɗaya da ba a cika tsayawa a kansa ba, wato kalmar “end” kanta: ma'anonin da take ɗauke da su a Ingilishin yau da kullum, wadda hukuma ta zaɓa daga ciki, wadda masu zanga-zanga suka riƙe, da kuma yadda ta sauka a kunnen Bahaushe bayan an fassara masa ita.

## Kalmar kafin ta hau titi

“End” tsohuwar kalma ce a Ingilishi. A tsohon rubutun harshen “ende” ake rubuta ta, kuma har yau Jamusawa “Ende” suke cewa. Masu bin diddigin kalmomi suna danganta tushenta da wuri, wato bakin abu ko gefensa ko iyakar da ya tsaya, kuma wannan ma'anar ba ta mutu ba. Ita ce a sunayen unguwannin Landan guda biyu, West End da East End, waɗanda ba sa nufin komai face ɓangaren yamma da na gabas. Ita ce a “dead end”, lungun da ba ya ɓullewa. Ita ce kuma a rubutun nan da WhatsApp ke nunawa a saman sabuwar hira, mai cewa saƙonni suna da kariya “end-to-end”, inda ake nufin wayar mai aikawa da wayar mai karɓa, ba wai wani abu ne ya ƙare ba. Bature zai ce igiya tana da “end” biyu, Bahaushe ya ce baki biyu gare ta. Daga nan ne aka sami “make ends meet”, haɗa bakin nan da wancan, abin da ake faɗa a kan magidancin da kuɗin shigarsa ke kai shi ƙarshen wata da ƙyar.

Ma'ana ta biyu ta lokaci ce, kuma ita ce kowane ɗan makaranta ya fara sani: ƙarshen mako, ƙarshen zangon karatu, ƙarshen wata da ma'aikaci ke jira. “The End” da ke fitowa a allon tsofaffin fina-finai aikinta ɗaya da “ƙurunƙus” a tatsuniya, ko “tamat” da malamai kan rufe rubutunsu da ita. Ta ukun ita ce ta fi ruɗar mai koyo, domin a cikinta “end” na nufin manufa ko burin da aka sa a gaba. Idan wasiƙar ofis ta ce “to this end”, nufinta shi ne domin a cimma wannan buri, kuma a sanannen zancen nan “the end justifies the means” ana da'awar cewa kyan manufa yana halatta duk hanyar da aka bi zuwa gare ta.

Duk waɗannan a matsayin suna ne. Abin da ya shafi lamarinmu shi ne kalmar a matsayin aikatau, kuma a nan fuska biyu gare ta. Takan zo a matsayin ƙi-karɓau, abu ya ƙare don kansa kamar yadda damina kan ƙare, takan kuma zo a matsayin so-karɓau, wani ya sa hannu ya ƙarar da abin. Mafi kusan misali shi ne jan maɓallin da ke fitowa a fuskar waya yayin da ake magana, wanda a wayoyi da dama “End” ne sunansa. Mai danna shi yana iya kasancewa ya gama zancensa sun yi sallama, yana iya kasancewa ransa ne ya ɓaci ya katse wa ɗan'uwansa magana a baki, yana iya kuma kasancewa katinsa ne ke shirin ƙarewa. Maɓallin bai bambanta ba. A nan ne “end” ta rabu da maƙwabtanta biyu. “Finish” tana nuna abu ya kai inda aka nufa da shi, wato gamawa ko kammalawa. “Stop” tana nuna tsayawa ko dainawa, kuma abin da ya tsaya yana iya tashi gobe. Ita kuwa “end” iyakar abin da take faɗa shi ne abin ba ya ci gaba, ba ta cewa ta wace hanya, ba ta cewa me aka yi da ragowarsa.

Hausa ba ta saba barin wannan gurbi a buɗe ba. Abin da Ingilishi zai sa wa “end” guda ɗaya, Bahaushe yakan zaɓar masa aikatau gwargwadon irinsa: a katse waya, a tashi daga taro, a soke kwangila, a raba aure, a rusa ƙungiya, a daina mugun hali, a kawar da cuta. Kowace daga ciki ta riga ta faɗi yadda ƙarshen zai kasance. Akwai “kawo ƙarshen”, wadda ta fi zama a bakin 'yan jarida da masu fassarar labarai, kuma farin jininta a wurinsu shi ne tana shiga duk inda “end” ta shiga ba tare da ta tilasta wa mai fassara ya yi zaɓi ba.

Masu fafutuka suna son kalmar saboda dalilai na fili. Haruffa uku ce, siffarta ta umarni ba ta buƙatar a ambaci wanda ake umarta, kuma tana manne wa kowane suna ta zama maudu'in intanet, inda ba a yarda da tazara tsakanin kalmomi. Har zuwa Nuwamban 2017 saƙon Twitter ba ya wuce haruffa 140, don haka gajarta tana da daraja. Manyan hukumomi ma sun daɗe da gano amfaninta, domin muradi na farko da na biyu cikin muradun ci gaba mai ɗorewa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 da ita suka fara, ɗaya a kan talauci, ɗaya a kan yunwa.

## Runduna ɗaya, alkawura iri-iri

An fi danganta kafuwar SARS da shekarar 1992 a Legas, lokacin da fashi da makami ya addabi birnin. An ba jami'anta damar yin aiki cikin farin kaya da motocin da ba su da tambarin hukuma, don su shammaci 'yan fashi, kuma wannan damar ce daga baya ta zama tushen ɓarna. Ƙorafin da ya fi yawa daga kudu siffa ɗaya yake ɗauka: a tare matashi a hanya saboda wayarsa mai tsada ce, ko yana goye da kwamfuta a jaka, ko ya yi gashin dada, a karɓi wayar a bincike saƙonninsa ba tare da izinin kotu ba, a kira shi ɗan damfarar intanet, sannan a tasa ƙeyarsa zuwa na'urar ATM mafi kusa ya cire kuɗin fansar kansa. Wanda ya yi gardama yakan kwana a ofishinsu, wasu kuma ba su fito da rai ba. A watan Yunin 2020 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto mai ɗauke da lamurra 82 na azabtarwa da cin zarafi da kisa ba tare da shari'a ba, waɗanda ta ce jami'an rundunar sun aikata tsakanin Janairun 2017 da Mayun 2020, alhali ƙasar tana da dokar haramta azabtarwa tun 2017.

Maudu'in EndSARS ba a 2020 aka haife shi ba. Ya yi tashe a ƙarshen 2017, kuma daga wannan lokaci hukuma ta riƙa amsa shi, kowane karo da kalmarta. A Disambar 2017 Babban Sufeto Ibrahim Idris ya ba da umarnin sake wa rundunar tsari. Ranar 14 ga Agustan 2018 Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya ba da umarnin a yi mata garambawul, abin da ya kai ga ƙara mata harafi ɗaya a gaba ta zama FSARS, ƙarƙashin kulawar hedikwata a Abuja. A Janairun 2019 Mohammed Adamu, da hawansa kujera, ya warware wancan tsarin ya mayar da ita ƙarƙashin kwamishinonin jihohi. Kwamitin da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ta jagoranta ya miƙa wa Shugaba Muhammadu Buhari rahotonsa a Yunin 2019, da shawarar a kori jami'ai 37 a kuma gurfanar da 24 a gaban kotu. A Fabrairun 2020, bayan mutuwar wani ɗan ƙwallon ƙungiyar Remo Stars a Sagamu ta jihar Ogun, wadda aka zargi jami'an rundunar da hannu a cikinta, an ba da umarnin rufe ƙananan ofisoshin rundunar. Ranar 4 ga Oktoba kuma, kwana ɗaya bayan bazuwar wani bidiyo daga Ughelli a jihar Delta da aka ce yana nuna ta'asar jami'anta, aka haramta mata sintiri na yau da kullum da tare hanya da binciken wayoyin mutane.

Sake tsari, garambawul, mayarwa jihohi, rufe ofisoshi, haramta sintiri: kowanne daga ciki wani yanki ne na abin da “end” ke iya nufi, kuma bayan kowanne matashin da ke kan hanya ya ci gaba da gamuwa da mutanen nan a inda ya saba gamuwa da su. Saboda haka kafin a kai 11 ga Oktoba an riga an cinye amanar duk wata kalma da za ta fito daga hedikwatar 'yan sanda.

## Daga 11 zuwa 20 ga Oktoba

Kalmar da sanarwar ranar Lahadi ta yi amfani da ita ita ce “dissolve”, wadda asalinta narkewa ne, kuma a harshen hukuma ita ake sa wa majalisa ko kwamitin da aka rusa. Adalci ne a ce wannan ya zarce duk abin da aka taɓa bayarwa a baya, domin wannan karon an taɓa sunan rundunar da tsarinta gaba ɗaya. Amma a cikin sanarwar akwai sakin layin da ya ce za a rarraba jami'an zuwa wasu rassa na 'yan sanda, da wani da ya ce ana shirya sabon tsari da zai cike gurbin da rusawar ta bari. Matasan sun karanta waɗannan layuka da kyau. Abin da suka fahimta shi ne za a sauke allon da ke ƙofar ofis, amma wanda ya yi duka jiya yana nan da bindigarsa, sai dai a wani reshe.

A ranar ce aka yaɗa takardar buƙatu biyar, wadda a ganina ita ce muhimmiyar shaida a wannan nazari, domin ita ce yunƙurin masu zanga-zangar na fayyace abin da suke nufi da kalmarsu. Sun nemi a saki duk waɗanda aka kama a zanga-zangar, a yi wa waɗanda 'yan sanda suka kashe adalci a biya iyalansu diyya, a kafa hukuma mai zaman kanta da za ta sa ido a kan bincike da gurfanar da jami'an da ake zargi cikin kwana goma, a duba lafiyar ƙwaƙwalwar tsofaffin jami'an SARS a sake horar da su kafin a tura su ko'ina, sannan a ƙara wa 'yan sanda albashi. Babu ɗaya daga cikin biyar ɗin da ke magana a kan sunan rundunar. Ta ƙarshen ma tana nuna cewa ba aikin ɗan sanda suke neman a kawar ba, tun da mai son a rufe ma'aikata ba ya roƙa wa ma'aikatanta ƙarin albashi. Abin lura shi ne karɓau ɗin, wato abin da ake neman a kawo ƙarshensa, da ke kan kwali da wanda ke cikin takarda sun bambanta: a kwali runduna ce, a takarda kuwa hali ne da rashin hukunci. Runduna ana rusa ta da sa hannun mutum ɗaya a yini ɗaya. Hali kuwa sai an ga an daina, kuma ganin hakan yana cin watanni.

Shugaba Buhari ya ce ranar 12 ga wata rusa SARS matakin farko ne kawai na gyaran aikin 'yan sanda, wanda ke nuna fadar shugaban ƙasa ta san ba a iyakar suna maganar ta tsaya ba. Washegari, 13 ga wata, sai Babban Sufeto ya sanar da kafa sabuwar runduna mai suna SWAT. Hukuma ta yi alkawarin cewa babu tsohon jami'in SARS da zai shiga cikinta, ta kuma kira tsofaffin jami'an zuwa Abuja don a duba lafiyarsu, kuma babu mai musun cewa ƙasar da ke fama da fashi da garkuwa da mutane tana buƙatar wani sashe na musamman. Amma fito da sabon suna mai haruffa huɗu, wanda shi ma da “S” ya fara, kwana biyu kacal bayan rusawa, kuskure ne babba na rashin karanta yanayi. Mutane suka ce ba a rabu da Bukar ba an haifi Habu. Kafin dare ya yi EndSWAT ta mamaye intanet, kuma sauƙin da aka samu wajen cire suna ɗaya a maƙala wani ya tona asirin kalmar: ba ta da wani mizani a cikinta da za a auna a ce an cika.

Ba na ganin ɓangarorin biyu sun kasa fahimtar juna ne saboda ƙarancin Turanci. Kowa ya san abin da ɗayan ke nufi. Abin da faɗin kalmar ya yi shi ne ya ba kowane ɓangare wurin tsayawa yana mai gaskiya a bakinsa: hukuma ta ce an biya buƙata, duk wanda ya rage a titi yana da wata manufa ta daban, matasa kuma su ce ba a taɓa komai ba. Ƙari a kan haka, zanga-zangar ta yi alfahari da cewa ba ta da shugaba, wanda ya kare ta daga saye da kamun jagorori, amma ya bar ta ba tare da mai ikon miƙewa ya ce an kai inda aka nufa, a koma gida. Ranar 15 ga wata Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta umarci jihohi su kafa kwamitocin bincike na shari'a. Ranar 20 gwamnan Legas, Babajide Sanwo-Olu, ya sa dokar hana fita, da dare kuma sojoji suka isa Lekki. Rundunar soja ta fara musanta zuwanta wurin, daga baya ta ce harsashin da ba ya kisa ta harba sama. Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 12 a Lekki da unguwar Alausa ta Legas a daren. Kwanakin da suka biyo baya sun zo da ƙone ofisoshin 'yan sanda da kashe jami'ai da fasa rumbunan kayan tallafin korona a jihohi da dama.

## Yadda arewa ta ji ta

A arewa yawancin mutane sun sami labarin ne da Hausa, ta rediyo da shafukan labarai, kuma da zarar an bar “kawo ƙarshen” an nemi kalmar da ta fi fito da aiki, “rusa” ce ke zuwa, ko “soke”. Sunan rundunar ma idan aka warware shi, rundunar yaƙi da 'yan fashi da makami ce. Jumlar da ta isa kunnen mutumin Zamfara ko Katsina ita ce matasan kudu suna neman a rusa rundunar da ke yaƙi da 'yan fashi, a shekarar da 'yan bindiga ke tashin ƙauyuka suna kwashe mutane zuwa daji. Ba fassarar ce ta yi ƙarya ba. Ta dai ɗauki ma'ana ɗaya, wadda ta fi ƙunci, kuma ta zo daidai da wadda hukuma ta ɗauka, ta bar ta biyun, wato a daina zalunci, wadda da ita aka sa a gaba da wuya a sami mai jayayya da ita a Kano ko Sakkwato, inda kowa ya san abin da “beli kyauta ne” ke nufi a aikace.

Ranar 15 ga Oktoba shugaban Ƙungiyar Gwamnonin Arewa, Simon Lalong na Filato, ya shaida wa manema labarai bayan ganawa da shugaban ƙasa cewa gwamnonin yankin ba su goyi bayan rusa SARS ɗungurungum ba, yana mai cewa ta yi amfani wajen yaƙi da rashin tsaro, kuma gyara ya kamata a yi mata. A ranar kuma Gamayyar Ƙungiyoyin Arewa ta fito da tata zanga-zangar da taken EndInsecurityNow. Wannan ya nuna matasan arewa ba su ƙi aikatau ɗin ba, karɓau ɗin suka sauya. Kada dai a ɗora wa fassara abin da ya fi ƙarfinta, domin akwai zargin da ya yaɗu a lokacin cewa ana neman kifar da gwamnatin ɗan arewa ne, akwai kuma bambanci na gaske a irin barazanar da kowane yanki ke kwana da ita.

## Inda aka sa mizani, da inda ba a sa ba

Kusan wata biyu kafin wannan rikici, ranar 25 ga Agustan 2020, an ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar shan inna ta asali, bayan shekaru ana gangami da taken “End Polio Now” na ƙungiyar Rotary. Kalmar ɗaya ce, amma a can an riga an yi mata ma'auni tun kafin a fara: sai an shekara uku ba a sami ko mutum ɗaya da ƙwayar ba, tare da sa ido mai inganci, sannan kwamiti mai zaman kansa ya tabbatar. A Najeriya an ga na ƙarshe ne a jihar Borno a 2016. Ko a nan ma'anar tana da iyaka, domin nau'in da ke samo asali daga rigakafi ya ci gaba da ɓulla, shi ya sa ba a daina ɗiga wa yara maganin ba. Duk da haka an san me ya ƙare, yaushe, kuma wa ya shaida. Buƙata ta uku a takardar matasan, ta hukuma mai zaman kanta, irin wannan shaidar take nema.

Kwamitocin jihohi su ne suka fi kusa da zama wannan shaida, kodayake wasu jihohin arewa maso yamma da arewa maso gabas ba su kafa nasu ba. Na Legas, ƙarƙashin Mai Shari'a Doris Okuwobi, ya ba da diyyar sama da naira miliyan 400 ga waɗanda suka kai ƙara, kuma a rahoton da ya miƙa ranar 15 ga Nuwamban 2021 ya ce abin da ya faru a Lekki ana iya kiransa kisan kiyashi. Gwamnatin jihar ta ƙi amincewa da wannan ɓangare a takardar matsayarta, gwamnatin tarayya ma ta bakin ministan yaɗa labarai na lokacin, Lai Mohammed, ta yi watsi da shi. A Yulin 2024 kotun ƙungiyar ECOWAS ta yanke hukuncin cewa Najeriya ta keta haƙƙin wasu mutum uku da suka shigar da ƙara a kan daren na Lekki. Sunan SARS dai bai dawo a hukumance ba, ƙorafin binciken waya a kan hanya kuma bai ɗauke ba.

Kalmar ta sake fitowa a Agustan 2024 da taken EndBadGovernance, kuma wannan karon arewa ce ta fi cika tituna, musamman Kano da Kaduna, saboda tsadar abinci da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Karɓau ɗin ya faɗaɗa har ya kai inda babu wani ofis da za a rufe ko takardar da za a sa wa hannu a ce an biya buƙata, don haka masu shiryawa suka yanka wa'adi tun daga farko, daga 1 zuwa 10 ga wata. Shugaba Bola Tinubu ya yi jawabi ranar 4 ga wata yana kiran a dakatar a zo a tattauna, bai kuma mayar da tallafin ba. A bakin mutane da kafofin labarai na Hausa taken Ingilishin bai zauna sosai ba, an fi kiranta zanga-zangar tsadar rayuwa ko ta yunwa, kuma abin da masu tattaki a Kano suka fi nanatawa shi ne farashin mai da na abinci ya sauko.